Baba Soket da Harafin da Kwamfuta Ba Ta Sani Ba

Yaran makarantarmu ba su rasa kwamfuta ba. Akwai ɗaki guda a ƙarshen baranda, tagoginsa da ƙarafa, kwamfutoci a jere bisa tebura, kowace an lulluɓe ta da ƙyalle kamar jaririn da ake gudun sauro ya cije shi. Yaran kuwa 'ya'yan teloli ne da direbobi da masu ƙananan shaguna, idonsu a buɗe, hannunsu da ƙaiƙayin son taɓa abu. Abin da suka rasa shi ne izini. Dokar ɗakin ita ce a shigo a layi, hannu a baya, a kalla, a fita. Darasin kwamfuta a jikin allo ake yinsa da alli, a zana madannai, yara su kwafa, su haddace, su ci jarrabawa, alhali yatsansu bai taɓa sauka a kan ko ɗaya ba.

Kada mai karatu ya ɗauka mugunta ce ta kawo dokar. Shugaban makarantar dattijo ne mai tsoron abin kunya, tsohon malamin Hausa, wanda biro ja ba ya rabuwa da aljihunsa. An taɓa sakin yara a ɗakin, wani ya latsa abin da bai sani ba, kwamfuta ta mutu murus, na sama suka zo suka wanke Shugaba tas a gaban malamansa. Tun daga ranar ya ce ido ya isa.

Mutumin da ke riƙe da makullin ɗakin shi nake son in jinjina wa yau, yanzu da ya ajiye aiki, tun yana raye yana ji da kunnensa. Ba malamin aji ba ne. A takarda, aikinsa share ƙura da duba wayoyi. Baba Soket ake kiransa, domin duk wanda ya zo masa da gudu yana cewa abu ya lalace, ko fanka ce ko injin buga takardu, tambayar farko ɗaya ce: "Ka duba soket?" Sau da yawa kuma nan ɗin matsalar take, a wurin jona wayar wuta. Yakan riga kowa isowa, ya jingine kekensa a gindin taga, ya yaye ƙyallayen ɗaya bayan ɗaya, ya ninke su, ya bi wayoyi da hannu yana neman inda ɓera ya yi ta'adi. Sai ya kunna kowace kwamfuta ya saurari ƙugin fankarta da kunne, yadda ya saba tun yana gyaran rediyo a ƙuruciyarsa. In ya gama, ya kashe su, ya mayar da ƙyallaye. Shekara da shekaru yana yi wa injuna hidima, injunan ba sa yi wa kowa.

Wannan ne ya tsaya masa a rai. Yakan ga yaran sun shigo a layi, ya ga yadda yatsunsu ke motsi a bayansu, sai ya kau da kai ya yi tsaki ƙasa-ƙasa. Wata rana da tsakin ya ishe shi, ya nufi ofis.

"Ranka ya daɗe, kwamfutar da ba a taɓawa ai akwati ce. Akwati nake gadi."

"Gara akwati mai rai da gawa," in ji Shugaba, bai ko ɗago daga takardun da yake yi wa jan biro ba.

"A ba ni guda ɗaya. Tsohuwar nan ta lungu, mai tari kafin ta tashi."

Shugaba ya ajiye biro ya dube shi. "Guda ɗaya, bayan an tashi. Ranar da ta mutu, maganar ta mutu. Kada ka zo kana ce mini in duba soket."

Baba ya fito yana murmushi, domin ya san abin da zai yi. Akwai wata dabara da ya daɗe yana karantawa yana gwadawa shi kaɗai: manhajar da ke sa kwamfuta ta ƙirƙiri wata kwamfutar a cikin kanta. Ta cikin nan ba ta da ƙarfe ko waya, taga ce kawai a kan allon ta wajen, amma tana tashi, tana aiki, tana mutuwa kamar ta gaske. In ta mutu, sai a share ta a tayar da sabuwa, ta wajen ko gezau. Da ya nuna wa yaran da suka tsaya a ranar farko, wani dogon yaro mai surutu, wanda kowa ke kira Dogo, ya ce, "Au, tsohuwa ashe juna biyu ne da ita!" Daga nan ta cikin ta samu suna, 'yar ciki.

Darasin farko da Baba ya ba su ba a taɓa ba da irinsa a makarantar ba. Ya ja kujera baya ya ce, "Wa zai kashe mini ita?"

Babu wanda ya motsa. Dogo ma ya sa hannu a baya.

"Na ce ku lalata ta. Ku share duk abin da kuka gani. Ni na sa ku."

Wata yarinya ce ta matso, 'yar sirit, wadda ake kira Ƙarama saboda su biyu ne masu suna ɗaya a ajinsu, ita ce ƙaramar. Ta zauna a bakin kujera, ta latsa inda ya nuna mata. Tagar ta yi baƙi ƙirin. Ta miƙe zumbur, idonta ya kawo ruwa.

"Baba, wallahi kai ka ce..."

"Ni na ce. Zauna, 'yata." Ya kama yatsanta ya ɗora a kan wani madanni. 'Yar ciki ta farka garau kamar ba abin da ya same ta. "Kin kashe, kin tayar. Waye ya mutu a cikinmu?"

Ranar sai da kowane yaro ya kashe ta da hannunsa, suna ihu suna tafi. Kai ne, Baba, ka gane cewa yaron da aka hana yin kuskure an hana shi koyo, kuma maimakon ka tsaya gardama da doka, sai ka gina wa kuskure ɗakinsa inda ba zai cuci kowa ba.

Da tsoro ya fita daga hannuwansu, sai ya zo da babbar maganar. Ya tayar da wata 'yar ciki wadda babu komai a cikinta. Ta yi ɗan rubutu ta tsaya cik.

"Me ta ce?" Ƙarama ta tambaya.

"Ta ce ta farka, ta duba ko'ina, ba ta ga mai ba ta umarni ba. Kowace kwamfuta, da wayar da ke hannun iyayenku, akwai wata uwar manhaja a cikinta. Ita ke karɓar abin da ka latsa, ita ke rubutu a allo, ita ke raba wa sauran manhajoji wuri. In babu ita, inji ƙarfe ne kawai. Wannan ba ta da uwa. Mu za mu yi mata."

Dogo ya tuntsire da dariya. "Baba, wannan ai aikin manyan kamfanoni ne na can wata duniya. Mu namu latsawa."

Fuskar Baba ta canza. Ba ya faɗa, amma ranar muryarsa ta yi nauyi. "Wa ya raba aikin? Yaushe aka yi rabon ban ji ba? Su ma da kai ɗaya aka haife su. Tamu ba za ta yi hoto ba, ba za ta yi waƙa ba. Amma za ta tashi da umarninmu, kuma babu layi ɗaya a cikinta da ba za ku iya gaya mini dalilinsa ba."

Aikin bai zo da sauƙi ba, kuma ba zan yi masa kwalliya ba. Wurin da inji ke fara dubawa in ya farka ɗan mitsitsi ne, bai kai cin shafi guda na rubutu ba, kuma dole umarnin farko ya shiga nan, ya ƙare da wata alama, in ba haka ba inji ya wuce kamar bai gani ba. Suka rubuta, suka gwada, allo baƙi. Suka gyara, allo baƙi. Wani lokacin 'yar ciki ta kama tashi tana mutuwa, tashi tana mutuwa, ba tsayawa, har yaran suka sa wa ciwon suna shaƙuwa. Wasu suka gaji suka koma filin ƙwallo. Baba bai taɓa karɓe madannai daga hannun yaro don ya gyara masa ba. Sai dai ya tsaya a baya, hannu a aljihu, ya ce, "Karanta mini abin da ka rubuta, ba abin da kake nufi ba." Yaro na cikin karantawa da ƙarfi sai ya yi shiru, ya dafe kai. Ya gani.

Ranar da harafi ɗaya tal ya fito a kusurwar baƙin allon, fari, da ɗan layi yana ƙiftawa a gefensa, ihun da aka yi sai da ya fito da Malamar Lissafi daga ajin da take gyaran takardu. Ta leƙo don ta tsawata, ta tambayi abin da ya faru, aka nuna mata. Ta ja kujera. Daga ranar ba ta ƙara fashi ba.

Ana cikin haka lokacin ritayar Baba ya gabato. Shugaba ya kira shi ya gaya masa gaskiya ba tare da kwana-kwana ba: ba za a turo wani a madadinsa da wuri ba, don haka ranar da ya tafi za a rufe ɗakin, makulli ya koma ofis.

"Yaran fa?"

"Amanar kayan a wuyana take, Baba. Kai na yarda da kai. In ba ka nan, wa zan yarda da shi?"

"Kafin in tafi ka zo ka gani da idonka. In ka gani ka ce a rufe, ni zan kawo maka makullin da hannuna."

Yaran suka ji labari, suka ƙara ƙaimi. Zuwa lokacin uwar manhajarsu ta iya rubuta jimla, ta iya karɓar abin da aka latsa, ta iya share allo. Suka yi shawarar abin da za ta fara faɗa in ta tashi a gaban Shugaba, suka tsaya a kan kalmomi huɗu: Mun taso daga ƙasa. Ƙarama ta rubuta, aka tayar da 'yar ciki. Jimlar ta fito, amma a wurin harafin farko na kalmar ƙarshe sai ga wasu alamomi kamar tsutsa ta bi ta kan tawada.

"Injin bai san shi ba," in ji Baba. "Haruffan da yake farkawa da su, waɗanda suka ƙera shi ne suka zana masa. Ba su zana mai ƙugiya ba."

"To a sa mara ƙugiyar mana," in ji Dogo. "Haka kowa ke yi a waya, kuma ana ganewa." Ya miƙa hannu ya gyara. Allo ya nuna: Mun taso daga kasa. Ya karanta, ya sake karantawa, sai ya fashe da dariya. "Shi ke nan, ta tona mana asiri! Shugaba yana shigowa zai ga kasa, ya ce dama na faɗa, kun kasa!"

Kowa ya yi dariya ban da Ƙarama. "Ni ba na so," ta ce. "Ƙasa daban, kasa daban. Ni ma duk takardar da aka buga a makarantar nan Karama ake sa mini. Ba sunana ba ne."

"To Hajiya, sai ki kai ƙara wurin masu kamfani," in ji Dogo.

Baba yana kallon yarinyar, yana jin wani abu na taso masa, domin tambayar da ya daɗe yana jira wani ya yi ce ke shirin fitowa. Ta juyo ta dube shi.

"Baba, ka ce wasu ne suka zana masa. Da me suka zana?"

"Da ɗigo. Kowane harafi ɗigo-ɗigo ne a cikin ɗan akwati. Inda aka ce a kunna ya yi fari, inda aka ce a kashe ya yi baƙi."

"Mu an hana mu zanawa?"

"Wa zai hana ku? Uwar manhajar ta wace ce?"

Malamar Lissafi ta tashi, ta dawo da takardun nan masu gida-gida da ake zanen lissafi a kai. Ƙarama ta zana harafin a cikin gidajen, ta cike wasu da fensir ta bar wasu, ta lanƙwaso ƙugiyar a sama. Malama ta koya musu yadda kowane jeri na gidaje ke zama lamba, suka shigar da lambobin, suka umarci injin ya ajiye sabon harafin a gurbin wata alama da ba su da bukata. Aka tayar. Harafin ya fito, da ƙugiyarsa da komai, sai dai ya juya musu ƙeya, ƙafafunsa na kallon hagu.

"Ya yi fushi," in ji Dogo. "An daɗe ba a gayyace shi ba."

Ƙarama ta ƙura wa takardarta ido, ta ƙura wa allo. Sai ta ce, "Daga dama muka fara ƙirga gidajen. Shi daga hagu yake farawa." Ta juya lambobin. Harafin ya juyo ya fuskance su, tsaf. Kafin ranar zuwan Shugaba sun ƙara masa 'yan'uwansa biyu, na ɗaki da na ɓera, kuma Dogo da kansa ya zana na ɓeran.

Shugaba ya zo da yamma bayan an tashi, ya tsaya a bakin ƙofa, hannunsa a baya kamar mai bin dokar da ya kafa. Baba ya ja masa kujera.

"Ranka ya daɗe, kafin komai, so nake ka lalata ta."

"Ka ce me?"

"Malam, danna nan, ka riƙe," in ji Ƙarama. "Akwai wani kuskure da ba mu gama gyarawa ba. In aka cika ta da rubutu da yawa, shaƙuwa take yi."

Shugaba ya dubi Baba, Baba ya gyaɗa kai. Shugaba ya ɗora yatsa. Haruffa suka cika allo, 'yar ciki ta shiɗe, ta kama tashi da mutuwa. Dattijon ya janye hannu kamar ya taɓa wuta. Ƙarama ta rufe tagar a natse, ta nuna masa tsohuwar kwamfutar tana nan lafiya lau, tana ƙuginta. Ta bayyana masa, ba gaggawa, cewa duk ɓarnar da za a yi a ciki take tsayawa. Sannan ta tayar da sabuwa.

Allo ya yi baƙi, sai jimlar ta fito: Mun taso daga ƙasa.

Shugaba ya gyara tabarau, ya matso har hancinsa ya kusa taɓa gilashin. Baba na tsaye a baya, ya ga hannun dattijon ya tafi aljihu wurin jan biro, ya tsaya a can. Kowa a makarantar ya san abin da biron nan ke yi. Duk lokacin jarrabawa, in an bugo takardun Hausa a ofis, Shugaba ne ke zama ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana ɗora wa haruffa ƙugiya da hannu, don kada yaro ya karanta ɓata a matsayin bata.

"Wa ya sa mata wannan?"

"Mu muka zana, Malam."

"Rubuta ɗalibi." Ta rubuta. "Rubuta ɓawo." Ta rubuta. Ya juyo ya dube ta. "Rubuta sunanki."

Ƙarama ta latsa. Allo ya nuna: ƙarama.

Tsohon malamin Hausa ya farka a jikin Shugaba. "Suna da ƙaramin harafi? Wa ya koya miki?"

"Malam, ba mu zana manyan ba tukuna. Lokaci ne bai..." Ta dubi Baba.

Shugaba ya miƙe, ya kakkaɓe rigarsa, ya ɗaure fuska. "Ni ban taɓa karɓar rabin aiki ba, kuma ba zan fara da tsufana ba. Baba Soket, kawo makullin nan." Baba ya ciro shi daga aljihu ya miƙa, kamar yadda ya yi alkawari. Shugaba ya juya shi a tafin hannunsa, sai ya miƙa wa Malamar Lissafi. "Malama, amana ce. Manyan haruffan nan uku ina son in gan su. Kuma a yaye wa ta kusa da tsohuwar ƙyalle, yara sun yi wa guda ɗaya yawa."

Baba ya juya yana duba wata waya a bango wadda ba abin da ya same ta.

Baba Soket, mai kunnen jin ciwon inji, kai ne ka ƙi yarda cewa rabon 'ya'yanmu a duniyar nan latsawa ne kawai. An ba ka aikin gadin akwatuna, ka mayar da shi aikin buɗe kawuna, ba tare da ka karya doka ko ka ɗaga wa na gaba da kai murya ba. Na san akwai masu cewa, to me abin ya tsinana, manhajar da ba ta iya komai sai rubutu da share allo? Su faɗa. Waɗanda suka gina ta sun san abin da ke faruwa tun daga farkawar inji har zuwa fitowar harafi, kuma babu mai sake tsorata su da baƙin allo. Mun gode, Baba. Allah ya ba ka lafiyar cin hutunka, ya sa kekenka ya daɗe yana kai ka inda kake so.

Ku kuma da ke riƙe da makullin wani ɗaki, a makaranta ko a wurin sana'a ko a gida, ku duba ko akwai hannuwan da kuka sa aka ɗaure a baya. In kuna tsoron ɓarna, tsoronku na da dalili. Ku yi yadda ya yi, ku nemi wurin da ɓarnar ba za ta cuci kowa ba, ku sake su a ciki.

Ranar da Baba ya zo sallama, Ƙarama ta ja shi gaban tsohuwar kwamfutar, ta tayar da 'yar ciki, ta rubuta sunanta da babban harafi, ƙugiyarsa a tsaye. Ya tambaye ta abin da ta koya a duk zaman da suka yi, yana zaton za ta ambaci lambobi ko umarni. Abin da yarinyar ta gane bai kai haka tsawo ba. Ta gane cewa duk abin da ke cikin kwamfuta wani mutum ne ya zauna ya saka shi, kuma abin da aka manta ba a saka ba, ita ma tana iya sakawa.